Yadda Aka Sace Min Kujera a Kumasi Ta Bayan Kwamfuta

Ba zan ɓata takarda wajen ba da labarin sallama da koke-koke ba. Zan fara ne daga iyakar Seme, inda wani mai kaki ya riƙe fasfona yana jujjuya shi kamar mai zaɓen tumatir, ya dube ni ya ce, "Mama, wa ya rako ki?"

Na ce, "Ƙafafuna."

Sunana Asabe. A Kwarbai aka haife ni, cikin birnin Zazzau, a can na yi aure, kuma rabin yaran lungunmu a hannuna suka fara kuka, domin ni ungozoma ce, a wurin goggona na gada. Ban shiga aji ba sai da na kai shekara talatin da bakwai, kuma haushi ne ya kai ni. Wata rana na kai mai naƙuda asibiti jini ya ɓalle mata, na zayyana wa ma'aikaciyar jinya duk abin da ya faru tun asuba, ita kuwa ta turo min takarda da tawada ta ce, "Dangwala nan." Ko kallona ba ta yi ba. Washegari na sayi littafi da fensir. Shekara tara ina fama, daga makarantar manya har jarrabawar sakandare, har wani ɗan kwas na kiwon lafiya. Sai ga labarin wata makaranta a Kumasi, ƙasar Gana, za ta horar da ungozomomi daga ƙasashe daban-daban har wata shida. Kujera talatin ce kacal. Na nema, na samu ɗaya. A kan wannan kujerar duk labarin nan yake.

A Kwatano aka fara sayar da ni. Direban da ya rantse zai kai mu Akara kai tsaye ya tsaya a wata tasha ya ce zai sha mai, ya miƙa mu ga wata mota da ƙofarta da igiya aka ɗaure, ya ɓace. Na yi masifa da Hausa, na yi da Turancina na makarantar manya, aka amsa min da Faransanci. Masifar da ba a fahimta ba ta da daɗin yi. Na haƙura na shiga.

A Lome na ga teku. An sha ba ni labarinta. Ruwa ne mai yawa da ba a sha, ba a wanki da shi. Abin da na riƙe daga garin shi ne matar da muka zauna kujera ɗaya, wata 'yar kasuwa mai ƙaton jiki da gicciye a wuya. Ba mu da kalma ɗaya da muka haɗa. Da ta ga ina waige-waigen inda zan yi sallah, ta karɓi jakata ta zauna a kanta, ta buɗe zaninta ta tare ni daga masu wucewa har na sallame. Daga baya ta ɓare lemo ta ba ni rabi. Har yau ban san sunanta ba.

Daga Akara zuwa Kumasi sanyin mota ya kusa kashe ni, ga wani mai wa'azi ya tsaya a kaina yana ihu har muka yi nisa. Ranar Talata da la'asar na sauka, ƙafafuna sun kumbura kamar na mai tsohon ciki.

Ba a buɗe ɗakin kwanan ɗalibai sai ranar rajista, wato Litinin, don haka na sauka a Zango, unguwar Hausawa, gidan Hajiya Memuna mai sayar da wake da shinkafa. Wani ɗan goro abokin maigidana ne ya haɗa mu. Kanawa suna yi mana dariya mu Zazzagawa wai ba mu bambanta mace da namiji a magana. To su je Zango su ji. Hajiya Memuna ta tare ni a ƙofa da ludayi a hannu ta ce, "Kai ne baƙon? Shigo, ka sha hanya." Na waiga in ga ko da namiji a bayana. Mace ce mai kirki, sai dai yajinta kamar gaba take yi da mutum. Kwana biyu kawai na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka, da ƙarar keken ɗinkin Malam, maigidana, a zaure.

Makarantar ta ce kowa ya zo da takardar shiga ta ƙarshe, wadda za a turo ta imel. An turo ina hanya. Wayata kuwa ƙarama ce mai tocila, layina ma ya mutu tun daga Seme. Ranar Laraba na tambayi inda ake buga takarda, aka nuna min wani shagon kwamfuta daura da makarantar, inda duk sababbin ɗalibai suke zuwa.

Mai shagon sunansa Awudu, dogo, da farar hula da carbi a wuyan hannu. Ina yin sallama ya miƙe.

"Hajiya, wannan sallamar ba ta nan ba ce. Daga ina?"

"Zariya."

Ya dafe ƙirji. "Allahu akbar! Kakana ɗan Ƙofar Gayan ne. Fatauci ya kawo shi. Ke uwata ce. Makarantar ungozoma kika zo?"

Na ce eh. Ya tambaye ni ko ganuwa tana nan, na ce saura kaɗan, mutane sun kwashe sun yi bulo. Ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. Ni kuma, tsohuwar banza, zuciyata ta yi sanyi. Kwana huɗu ban ji wanda ya ambaci Ƙofar Gayan ba. Akwai kwamfuta shida a shagon, huɗu babu kowa, amma ya ce, "Zo nan Hajiya, ta kusa da fanka. Ita ce mai sauri, manyan baƙi nake ba wa." Har kujera ya goge min.

Yanzu dole in faɗi wani abu a kan kalmar sirrina. Ɗan farina ne ya buɗe min imel ɗin. Magidanci ne yanzu, malamin makaranta ne a Wusasa. Kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, ban taɓa kiran sunansa ba tunda na haife shi. A ɗakin kakarsa ya tashi, Yaya yake ce min, ni kuwa in zan ambace shi sai in ce "wancan". Ranar da ya buɗe imel ɗin ya ce in zaɓi kalmar da babu mai ji daga bakina, ya juya baya. Na yi tunani, na ce ai akwai kalma ɗaya a duniya da ko yanka ni za a yi ba za ta fito daga bakina ba. Na danna sunansa, na ƙara lamba biyu. Abin da ya burge ni, ko a fuskar kwamfutar sunan bai fito ba, sai ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Na ce ashe na'urar ma tana da kunya.

A shagon Awudu ban yi sakaci ba, wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai. Na duba dama, na duba hagu. Na duba sama ko akwai madubi. Na kama bakina, domin mu da muka koyi rubutu da girma mukan furta harafi muna rubutawa. Sannan na jawo hijabina na lulluɓe hannuwana da allon maɓallan gaba ɗaya, na sunkuya ciki kamar mai turara jiki, na danna harafi ɗaya-ɗaya. Ko aljani bai ga yatsuna ba. Takarda ta fito, Awudu ya buga min ita, na rufe imel ɗina kamar yadda aka koya min. Ya raka ni har bakin titi yana cewa in gaida Zazzau.

Ranar Litinin na sa atamfata mai kyau na tafi rajista. Sakatariyar makarantar wata dattijuwa ce mai furfura da tabarau a kan hanci, Madam Efuwa. Ta karɓi takardata, ta duba wani jeri, ta sake dubawa, ta miƙo min abata.

"Ai kin janye."

"Na me?"

"Kin rubuto mana ranar Alhamis. Kin ce ba za ki zo ba, kin roƙi a ba ƙanwarki da ke nan Gana. An ba ta. Tana aji yanzu haka."

Na ce ba ni da ƙanwa a Gana, ko akuya ba ni da ita a Gana. Ta juyo min da fuskar kwamfutarta. Ga wasiƙa daga imel ɗina, da sunana a ƙasa, da Turanci mai santsi wanda ko shekara goma aka ba ni ba zan iya ba. Ta karanta min a hankali. Wai mijina ya hana ni tafiya, kuma a al'adarmu mace ba ta musu.

Jama'a, mijin nan nawa, Malam Tanimu, shi ne ya ɗauki jakata a ka daga Kwarbai har inda ake shiga mota. Shi ya ɗinka min aljihun ɓoye a cikin siket da hannunsa. Shekara tara shi yake tashina in yi bitar karatu. Na ce, "Madam, da kika karanta wannan, ba ki yi tunanin ki tambaya ba?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Muna samun irinta daga wajenku."

"Wajenmu ina? Kin taɓa zuwa?"

Ta ce in buɗe imel ɗina in gani da idona, ta matsa min kujera. Na zauna, na ja hijabi na rufe hannuwana, na danna. Aka ce ba daidai ba. Na sake. Ba daidai ba. Sau uku. An canza kalmar. An kore ni daga ɗakina an sa sabon kwaɗo.

Madam Efuwa ta ce shugabar makarantar ta yi tafiya, sai Alhamis za ta dawo, kuma a ranar za ta sa hannu a jerin sunaye na ƙarshe. In ta sa hannu, magana ta ƙare. "In kina da hujja ki kawo kafin nan. Ihu ba hujja ba ne."

Na ce, "Ai ban fara ihu ba tukuna."

Da yamma na ari wayar Hajiya Memuna na kira wancan. Mu ba ma doguwar magana, gaisuwa ce da "a gaida yara". Ranar kuwa na kwashe komai na gaya masa. Ya ce in kwantar da hankali, lambar wayarsa ya sa a matsayin madogara tun ranar da ya buɗe, zai iya ƙwato shi. Na ji yana danne-danne.

"Yaya, suna tambayar tsohuwar kalmar sirrin."

"Ba su da aikin yi ne?"

"Dole sai da ita. Mece ce?"

"Sunan mutum ne."

"Na Baba?"

"A'a."

"Na Goggo?"

"Kai dai akwai taurin kai. Da wa nake magana yanzu?"

Har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce da wata irin murya, "Yaya… ni?"

"Katin mutane kake cinyewa. Ka ƙara bakwai da biyu a ƙarshe."

Ya ƙwato imel ɗin, ya sa sabuwar kalma daga tasa kwamfutar. Amma ɓarawon ya share wasiƙar daga inda ake ajiye waɗanda aka aika, ya share kwandon shara. Babu komai. Na samu ɗakina, an riga an yi masa shara tas.

Ranar Talata tun kafin a buɗe ofis ina bakin ƙofa. Na zauna a bencin da ke fuskantar Madam Efuwa, na naɗe hannu. Ta taga ina jiyo muryar malama tana koyar da darasin da ya kamata in kasance a ciki. Da rana ta buɗe kwanon abincinta, ta ci loma biyu, ta ajiye cokali.

"Ba zan iya ci kina kallona haka ba. Zo." Ta turo min soyayyar ayaba. "Jiya me kike yi da mayafinki a kan allona?"

"Ɓoye yatsuna."

"Haka kika yi inda kika buga takardar nan?"

"Har fiye."

Ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye. Na ce in ta gama ta sanar da ni. Ta goge ido ta ce, "Yi haƙuri. Shekara talatin ina buga takardu, ban taɓa ganin wannan ba. 'Yar'uwa, wannan ɓarawon ba shi da ido. A cikin wayar yake zaune."

Ta juya kwamfutarta ta nuna min bayanta, inda igiyar allon maɓallai take shiga. Ta ce akwai wani ɗan abu da ake maƙalawa a tsakani, igiyar ta shiga cikinsa, shi ya shiga kwamfuta. Duk maɓallin da aka danna sai ya bi ta cikinsa, shi kuma ya rubuta ya ajiye. Ɗigo-ɗigon da nake gani na masu leƙe ne kawai. Shi harafin yake karɓa tsirara.

Na ce, "To da na duba baya shi ke nan?"

"Da kin kama irin wannan. Akwai wanda a cikin cikin na'urar ake zuba shi, ko kin juya ta sau goma ba za ki gani ba." Ta nuna min yadda ake fito da hoton allon maɓallai a fuskar kwamfuta, a riƙa taɓa haruffan da linzamin kwamfutar ba tare da an danna maɓalli ko ɗaya ba. Ta ce wannan yana tsallake na maƙalawa, amma kada in rantse da shi a kan na ciki. "Gaskiyar magana, kwamfutar kasuwa kamar kofin tasha ce. In ƙishi ya tilasta ki kin sha, to ki je gida ki wanke baki. Ki canza kalmar a ranar, a na'urar da kika yarda da ita. Kuma ki sa a riƙa turo miki lamba a waya duk lokacin da za a shiga, ta yadda kalmar kaɗai ba ta buɗe ƙofa."

"Duk wannan me ya hana ku rubuta a takardar da kuka turo mana?"

Ta mayar da tabaranta. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, bara ma wata ta janye ta ba ƙanwarta, kuma ita waccan ba ta zo ta zauna a benci ba. Ta tambaye ni wace kwamfuta na zauna. Na ce wadda ya zaɓa min. Ina faɗa na ji kunya ta rufe ni tun daga ƙafa.

Na koma na gaya wa Hajiya Memuna. Ta ajiye ludayi. "Awudu? Wai kakansa ɗan Zariya? In Bakano ya zo kakansa Bakano ne. Bara kakansa ɗan Sakkwato ne. Wannan yaro kakanninsa sun fi na kowa yawa. Gobe tare za mu je."

Ranar Laraba da hantsi muka je, ita da ƙawayenta biyu masu sayar da kifi. Suka tsaya a waje kamar masu jiran mota. Na shiga da fara'a. Awudu ya ɗan yi turus, sannan ya washe baki.

"Uwata! Yaya karatu?"

"Alhamdu lillahi. Wata takardar zan buga. Ta kusa da fanka nake so."

Na zauna. Na cire ɗan kunnena na sake shi ƙasa, na ce wayyo, na durƙusa ƙarƙashin tebur. Ƙura, yanar gizo-gizo, igiyoyi kamar taliya. Ni da na saba lalubo cibiya a wuyan jariri ba tare da na gani ba, igiyar allo ba za ta gagare ni ba. Na bi ta da yatsa har ƙarshe. Ga shi nan. Baƙi, bai kai ɗan yatsana tsawo ba. Na leƙa bayan ta kusa da ita, igiyarta kai tsaye ta shiga, babu komai. Na fizge shi, na ƙulle a bakin zani, na miƙe.

Awudu yana tsaye a kaina. Fara'ar ta tafi.

"Hajiya, me kika cire?"

"Ɗan kunnena."

"Kayan shago ne. Na ƙara sauri ne. Ba ni."

"In na ƙara sauri ne, me ya sa sauran biyar ba ka tausaya musu ba?"

Ya tare ƙofa. Ya ce zai kira 'yan sanda. Na ce ya kira, in ba shi da kati in ara masa. Ya miƙo hannu wajen zanina, sai na buɗe murya irin wadda nake kiran maƙwabta da ita in haihuwa ta zo da gardama. "Jama'a! Zai kwance min zani!"

Kafin ya janye hannun, Hajiya Memuna ta cika ƙofar, masu kifi a bayanta. "Awudu! Kai ne mai taɓa zanin baƙona? Uwarka ta san abin da kake yi? Yanzu zan aika a kira shi!" Suka rufe shi da Hausa da wani yaren da ban sani ba. Mutanen titi suka taru. Ni dai na ratsa ta ƙarƙashin hannunsa na fita. Ɗan kunnen yana can har yau.

Ranar Alhamis shugabar ta dawo, wata likita gajeriya marar yawan magana. Aka taru a ofishinta: ita, Madam Efuwa, mai kula da kwamfutocin makarantar, da ni. Mutumin ya sha fama kafin ɗan abin da na fizgo ya buɗe. Da ya buɗe ya yi salati irin nasu, ya juya fuskar kwamfutar ga shugabar kaɗai.

Likitar ta dube ni. Ta ce ga adireshin imel ɗina a ciki, ga wata kalma biye da shi. Amma kowa zai iya tsintar abu ya kawo. "In ke ce kika danna, faɗa min kalmar kafin ki gani."

Na buɗe baki, ya ƙi. Shekara ashirin da takwas harshena bai san hanyar sunan nan ba. Suna kallona, takardar jerin sunaye tana kan tebur, biro a kanta. Madam Efuwa ta ce, "Asabe, faɗi mana!" Na san yadda shirun nan yake a idonsu: shirun maƙaryaciya.

Na ce, "A ba ni takarda."

Na rubuta. Ban taɓa ganin sunan da rubutuna ba sai ranar. Na ninke na miƙa, na kau da kai. Likitar ta duba takardar, ta duba kwamfuta, ta gyaɗa kai. Mai kwamfutar ya gangara ƙasa, sai ga abin da ban zata ba. Ashe Awudu a kan kwamfutar nan ta kusa da fanka yake buɗe ɗan abin nasa, kuma a kanta ya zauna ya shirya wasiƙar. Ga ta nan harafi-harafi, har inda ya yi kuskure ya goge, har inda ya fara rubuta cewa mijina ya rasu, ya fasa ya mayar da shi mai hana ni tafiya. Tarkonsa bai bar shi ba shi ma.

Likitar ta ja layi a kan wani suna, ta rubuta nawa, ta sa hannu. Ta ce maganar Awudu ta hukuma ce, za su miƙa. Ban bi ba'asi ba. Na ji dai an rufe shagon, wasu suka ce ya buɗe wani a wata unguwa. Allah Ya san garin da kakansa ya koma.

Aka ce in je ɗaki na huɗu, gadon da ke jikin taga. Tun daga matakala nake shirya abin da zan gaya wa "ƙanwata". Na tanadi kalmomi masu nauyi, na jera su.

Na tarar da ita tana naɗe zannuwa. Ba yarinya ba ce, ta kusa sa'ata, siririya, hannuwanta irin nawa, na wadda ta sha wanke jini da ruwan sanyi. Sunanta Ayishetu, daga wani ƙauye can arewacin ƙasar, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. An riga an gaya mata.

Na ce, "Ke ce ƙanwata?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce wani ne ya je har garinsu ya ce akwai kujerar da mai ita ta fasa, mutanen ƙauye suka haɗa hannu suka biya shi, suka turo ta. Daga garinsu zuwa asibiti tafiyar wuni ce, kuma ita kaɗai ce ke karɓar haihuwa. Ba ta taɓa jin sunana ba sai yau.

Duk kalmomin da na jera na watsar da su. Na koma wurin likita na ce a ƙara kujera ɗaya, ai ƙasa ba ta cika ba, ni zan iya zama a tabarma. Ta ce talatin ne, talatin za su zauna, sai dai ta sa sunan Ayishetu a gaba in za a sake ɗiba. Na yi magana har ta nuna min ƙofa. Kada wani ya zaci na yi tunanin bar mata. Ban yi ba. Kujerata ce, shekara tara na yi ina tafiya zuwa gare ta.

Na ɗaukar mata jaka ɗaya har tasha. Da motar ta cika, ta zuge jakarta ta ciro wani littafi mai shuɗin bango ta miƙo min ta taga.

"Na kwana uku ne. Zubar jini bayan haihuwa aka yi. Ka karanta kafin gobe, malamar tana tambaya."

Motar ta tashi. Na tsaya a tsakiyar tasha da littafi a hannu, ga fushi cike da ciki, na rasa wanda zan sauke wa. Na buɗe shafin farko. Ba ta tsallake komai ba, har zane ta yi.

Rubutunta ma ya fi nawa kyau.